Kafin a sake gina wata gadar, a gyara mana danja

Duk lokacin da aka ƙaddamar da sabuwar gadar sama a Kano, kafin a gama jawabai bidiyonta ya zagaye wayoyin mutanen gida da ke ƙasashen waje. An ɗauko ta daga sama, da daddare, fitilu na ƙyalli, ana ta yaɗawa ana cewa Kano ta zama Dubai. Ni ma ina jin daɗi, garinmu ne. Amma zaman Landan ya sa na koma kallon titi da wani ido daban. Da za a ba ni zaɓi tsakanin sabuwar gada guda da kuma danja mai aiki, wadda ke magana da 'yar uwarta ta gaba, tun daga Na'ibawa har cikin gari, wallahi danjar zan ɗauka. Na san maganar ba ta da farin jini. Danja ba ta yin kyau a hoto, ba a raɗa mata sunan kowa, kuma ba a gayyato shugaban ƙasa ya zo ya buɗe ta.

Mu fara da lissafi, don a nan ake yawan ɓata. Injiniyoyin hanya sun daɗe da auna cewa idan aka ba da hannu, layi guda na ƙananan motoci yana fitar da mota ɗaya a kusan kowane sakan biyu. Wato da za a bar masa kore awa guda cur, motoci wajen 1,800 ne za su wuce. To amma mahaɗa ba ta mutum ɗaya ba ce. Gabas na so, yamma na so, kudu da arewa na jira, ga masu yin kwana, ga masu tsallakawa da ƙafa. Awa gudan nan ita za a yanyanka a raba musu. A ce danja tana zagayowa duk minti biyu, kuma a kowane zagaye tana bai wa ɓangaren da babu kowa sakan goma na banza. A awa guda zagaye 30 ke nan, sakan 300 sun bi iska. Motoci 150 ne a layi guda da ya kamata a ce sun wuce amma suna tsaye. Jera su, ka ba kowacce mita shida, ka samu layi mai tsawon mita 900. Babu wanda ya yi hatsari, babu tirelar da ta mace a tsakiyar titi, ba a yi ruwa ba. Sakan goma kawai aka raba ba daidai ba.

A nan Landan, in kana tafiya a ƙafa ka sunkuyar da kai kafin ka isa wata babbar mahaɗa, za ka ga an tsaga kwalta an zana wani murabba'i, an cike tsagar da baƙin ƙaro. Waya ce a naɗe a ciki. Duk ƙarfen da ya bi ta kanta sai ta ji, ta aika wa wani akwatin ƙarfe da ke tsaye a gefen titi, shi kuma ya miƙa wa kwamfutar hukumar sufurin birnin, TfL. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne inda ake binne wayar. Can baya take, kusa da mahaɗar da ka baro, nesa da danjar da za ka tarar. Saboda haka tun kafin ka iso an san kana tafe, an san ku nawa ne, an kuma ƙiyasta lokacin da za ku iso bakin layi.

Sunan tsarin SCOOT. Cibiyar binciken hanyoyi ta gwamnatin Birtaniya ce ta ƙirƙiro shi a shekarun 1970, aka gwada shi a Glasgow da Coventry, sannan ya bazu. Landan tana da fitilun ba da hannu a wurare sama da 6,000, kuma sama da rabinsu a ƙarƙashinsa suke. Abu uku yake taɓawa. Yana duba rabon kore tsakanin ɓangarori, ya ɗan ƙara wa wannan ya rage wa wancan, 'yan sakanni kawai a lokaci guda, yadda direba ba zai ma lura ba. Yana duba tsawon zagayen gaba ɗaya, ya tsawaita shi in titi ya cika, ya gajarta shi in an sarara, burinsa mahaɗar da ta fi kowacce wahala kada ta wuce kashi 90 cikin ɗari na abin da za ta iya ɗauka. Sai na uku, wanda ni a wurina shi ne zuciyar abin: tazarar lokaci tsakanin wannan danjar da ta gaba, ta yadda ayarin da wannan ta saka zai tarar da waccan ta buɗe masa. Waɗanda suka ƙirƙiro shi sun ce yana rage jinkiri da kimanin kashi 12 cikin ɗari idan aka kwatanta da danjar da aka saita wa lokaci mai kyau aka bar ta a haka. Kashi 12 ba abin yi wa guɗa ba ne a filin taro. Amma ka lura da abin da aka kwatanta shi da shi: danja mai rai, wadda ƙwararru suka riga suka saita da kyau. In da matacciya za a kwatanta, ai ba a maganar kashi 12.

Ba Turawan Ingila kaɗai ke da irinsa ba. A Ostiraliya hukumar hanyoyin jihar New South Wales ta ƙera nata mai suna SCATS, shi ma a shekarun 1970, kuma yau birane da dama na amfani da shi, har da Dublin da Shanghai. Labarin Los Angeles ne dai nake so masu mulkinmu su ji. Sun fara haɗa fitilunsu da kwamfuta ne saboda wasannin Olympics na 1984, da mahaɗu ɗari da 'yan kai. Ba su gama haɗa dukkan fitilun birnin, kimanin 4,500, ba sai a 2013. Shekara kusan talatin. Magadan gari sun zo sun tafi, babu wanda ya ce aikin wane ne ya watsar don ya fara nasa.

Kada wani ya ɗauka ina cewa nan aljanna ce. Kamfanin INRIX, mai auna cunkoson biranen duniya, ya sa Landan a matsayi na ɗaya a 2022, ya ce direba yana asarar awa 156 a shekara cikin gosulo. Da duk wayoyin nan da ke ƙarƙashin kwalta. Kwamfuta ba ta ƙara faɗin titi, raba abin da ake da shi kawai take yi. Shi ya sa tun watan Fabrairun 2003, zamanin magajin gari Ken Livingstone, aka fara karɓar fam 5 a rana daga duk motar da za ta shiga tsakiyar birnin, kuɗin da daga baya ya ninka har sau uku. Bambancin gosulon nan da namu guda ne: a nan kana tafiya a hankali amma kana tafiya, kuma kusan kullum ka san lokacin da za ka isa. A gida titi yana kullewa ne ƙulle irin na igiya, kowa ya sako kai, babu gaba babu baya, har sai wasu samari sun fito daga shaguna sun fara buga bayan mota suna cewa ja baya, ja baya.

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne, mu ma muna da tsarin ba da hannu mai sauyawa da yanayi, kuma ya girmi SCOOT. Shi ne ɗan ba da hannun nan da ke tsaye a tsakiyar mahaɗa da rana tsaka, usur a baki, riga ta jiƙe da gumi. Ka tsaya ka kalli gwani a cikinsu na minti goma. Ba ya kallon motar da ke gabansa, wutsiyar layi yake hange. Ya ga tirela ce a gaba, ya san kafin ta ɗauki wuta ta motsa za ta cinye sakannin ƙananan motoci biyar, sai ya ƙara wa ɓangaren lokaci. Ɗan adaidaita sahu ya fara silalowa, ido kawai ya watsa masa ya koma baya. Wata tsohuwa ta zo tsallakawa da kaya a ka, ya ɗaga hannu biyu ya tsayar da duniya, ya ce, "Wuce, Baba." Har yau kwamfuta ba ta kai shi wannan ba.

Inda ya gaza ba laifinsa ba ne. Idonsa ba ya wuce mahaɗarsa. Zai saki motoci sittin da kyakkyawar niyya, su je su tarar abokin aikinsa na gaba yanzu ya rufe wannan ɓangaren, layi ya dawo baya har ya toshe bakin mahaɗar da ya sake su. Duk wanda ya taɓa noman rani a Kadawa ko Kura ya san abin da ke faruwa idan kowa ya buɗe ƙofar ruwansa ba tare da sanin halin da na ƙasa ke ciki ba: gonar wani ta yi ambaliya, ta wani ta bushe, alhali ruwan da Tiga ta sako ya isa kowa. Haka titi yake. Ga shi kuma mutum ne, yana gajiya, zai tafi salla, zai nemi inuwa, kuma ba ya iya tuna yawan motocin da suka wuce ranar Talatar makon jiya da ƙarfe biyar.

Da muka ce za mu ci gaba, sai muka cire mutumin nan mai ido muka kafa makauniyar fitila. Irin danjar da ake sawa a garuruwanmu, mai lamba tana ƙirgawa 60, 59, 58, tana burge mutane, amma lambar nan ita ce shaidar cewa fitilar ba ta kallon titi. Tun kafin ta ba da hannu ta riga ta yanke tsawon lokacin da za ta bayar, ko da mota ɗari ko babu ko ɗaya. Ƙarfe biyun dare da ƙarfe biyun rana duk ɗaya ne a wurinta. Direban da ya tsaya minti guda da rabi yana kallon titi fayau babu kowa, gobe ba zai tsaya ba. Jibi ma in da mota tafe ba zai tsaya ba, don ya riga ya koyi cewa fitilar ba ta san abin da take yi ba.

Alhali in akwai garin da ke buƙatar danja mai sauyawa, Kano ta fi Landan buƙata. Mutanen nan agogo suke bi, fita aiki da safe, dawowa da yamma, shekara ta zagayo a haka. Mu rana muke bi da wata. Lokacin magariba yana matsawa daga wata zuwa wata. Ranar Juma'a tun kafin azahar wasu titunan sun koma sahun salla, ana sallamewa kuma dubban mutane su fito a lokaci guda. A watan azumi awa gudan da ke gaban shan ruwa ita ce mafi zafi a kan titi, kowa na gudu da yunwa da ɗan guntun haƙuri, ana kiran salla kuma titi ya zama wayam. Bayan tarawihi gari ya sake cika, a goman ƙarshe har tsakar dare. Azumin kansa yana matsowa da kwana goma sha ɗaya duk shekara. Ƙara da cinikin salla a Kantin Kwari da Sabon Gari, da motocin kaya masu shiga Singa da Dawanau, da ranakun hawa, da damina in ruwa ya cinye rabin titi. Wane jadawali guda ne zai ɗauki wannan duka? Ko ba a kai ga kwamfuta mai tunani ba, a ce kowace danja tana da jadawalin safe da na rana da na dare, da na Juma'a, da na azumi, da an ga bambanci a mako guda.

Yanzu ga gadoji. Ta Ƙofar Nassarawa, ta Sabon Gari, ta Dangi mai hawa uku, ta Hotoro, ga na Tal'udu da Ɗan'agundi da aka fara daga baya. Ba na cewa duk ɓarna ne. Inda titi ya haɗu da layin dogo, ko inda manyan motocin da ba su da abin yi a cikin gari ke ratsawa, gada ce magani. Amma gada tana warware mahaɗa guda ne kawai. Motocin da a da suke isowa kaɗan-kaɗan saboda shataletale yana tace su, yanzu a guje suke sauka gaba ɗaya a kan mahaɗar gaba, wadda ba a taɓa ta ba. Tsugune ba ta ƙare ba. Ga ƙarƙashin gadar kuma, inda 'yan adaidaita ke lodi da sauke fasinja, inda masu talla suka kafa tebura, nan cunkoson yake komawa ya zauna.

Wasu sun riga mu gwadawa da kuɗin da ya fi namu. A Houston ta Amurka an faɗaɗa babbar hanyar Katy, aka gama a 2008, wani wurin har layi 26 in aka haɗa da na gefe. Cikin 'yan shekaru lokacin tafiya a kanta ya sake tsawo, don sabon fili yana janyo sababbin motoci. A Seoul kuwa, a 2003 magajin gari Lee Myung-bak rushe wata doguwar gadar sama ya yi a tsakiyar birni, ya buɗe rafin Cheonggyecheon da aka binne a ƙarƙashinta, ya gyara harkar bas. Garin bai kulle ba.

Duk da haka, in na ji an ce gwamnati ta sa hannu da wani kamfani zai kawo mana irin tsarin Landan sak, ni ne na farko da zan yi ƙorafi. Wayar nan ta ƙarƙashin kwalta an yi ta ne don titin da kowace mota ke bin layinta, ɗaya bayan ɗaya. A Titin Katsina ko Bata, filin da aka zana wa mota biyu adaidaita huɗu ne a jere, babur ya kutsa tsakaninsu, mai kura na turawa a gefe. Me wayar za ta ƙirga? Kuma ranar da aka zo haƙa bututun ruwa ko aka yi facin rami, an yanke ta ke nan, babu wanda zai sani sai bayan wata shida. Mutanen da ya kamata mu je mu gani su ne Indiyawa, masu keke mai ƙafa uku irin namu, don yawancin namu ma daga can suke zuwa. Cibiyar gwamnatinsu ta C-DAC ta ƙera nata tsarin, CoSiCoSt, musamman don titin da ba a bin layi, kuma shi birnin Bengaluru ya ɗauka a 2024, da kyamara a saman sanda maimakon waya a ƙasa. Mu kuma je Dhaka mu ga ɗaya ɓangaren. Can an sha kafa fitilu da kuɗin rance, har da na Bankin Duniya, suka mutu ko aka daina kula su, 'yan sanda suka koma ba da hannu da hannu a ƙarƙashin fitilun da aka biya kuɗinsu.

Abin da ya kashe na Dhaka shi ke kashe namu, kuma ba ƙarancin fasaha ba ne. Wuta ce da gyara. Fitilun yanzu ba sa cin wuta sosai, faifan sola da batir sun ishe su, amma batir yana da shekarunsa, ƙurar hunturu tana rufe faifan, ɓarayi suna sane da kuɗinsa, tifa takan yi baya ta kwashe sanda. A nan Landan in danja ta lalace, galibi ita da kanta take kai ƙara cibiya, kuma akwai 'yan kwangilar da aikinsu ke nan, da wa'adin da za su iso a rubuce. A gida kwangila ta ƙare ranar da aka kunna fitila aka tafa. Kuɗin sayen sabo yana da gurbi a kasafin kuɗi. Kuɗin mutumin da zai hau tsani ya goge faifan sola duk mako ba shi da uban gida.

Sai batun biyayya, wanda a kansa ake yawan zagin talaka. Za ka ji ana cewa mutanenmu ba sa bin doka. Ni na ga mutanenmu a nan, waɗanda na san yadda suke tuƙi a gida, suna tsayawa cak a jan wuta ƙarfe ukun dare. Ba halinsu ne ya canza a jirgi ba. A tsakiyar manyan mahaɗun Landan akwai wani akwati da aka zana da rawayan fenti. Doka ta ce kada ka shiga sai ka ga akwai filin da za ka fita ta ɗaya gefen. In ka shiga ka maƙale, babu wanda zai tare ka, babu wanda zai buɗe ƙofa ya shigo motarka, babu ciniki. Bayan 'yan kwanaki takarda za ta zo gidanka da hoton motarka da tarar fam 160, rabi in ka biya cikin mako biyu, da bayanin yadda za ka ɗaukaka ƙara in kana ganin an zalunce ka. Tara ce da ba ta san fuska ba. Wannan akwatin fentin, a ganina, ya fi kwamfutar muhimmanci, don kowane irin lissafi aka yi, mota guda da ta tsaya a gicciye ta rushe shi. A gida in ka ce wa ɗan adaidaita ya tsaya, amsar da za ka ji ita ce, "Alhaji, in na tsaya na baya ne zai taka ni." Kuma gaskiyarsa ne. Ba a tsayawa a jan wuta sai an yarda cewa na baya ma zai tsaya, kuma wanda bai tsaya ba zai biya, ko ɗan wane ne.

Nan ne maganar ta daina zama ta injiniyoyi. Duk tsarin da ke iya raba sakanni yana iya fifita wani a kan wani, tambayar ita ce wa za a fifita. A Landan bas ake fifitawa. Jar bas ɗin nan tana sanar da danja cewa tana tafe, sai a riƙe mata kore na 'yan sakanni ko a gaggauta buɗe mata, saboda mutum tamanin ne a cikinta, motar da ke gefenta kuma mutum ɗaya. A gida wanda ake share wa hanya shi ne mai jiniya. Tsorona shi ne mu kashe biliyoyi mu haɗa fitilun gari da cibiya guda, amfanin farko da za a yi da ita ya zama buɗe wa ayarin manya hanya daga filin jirgi, motar asibiti da ta 'yan kwana-kwana kuma suna ta kuka a baya. Tun da aka hana acaba ɗaukar fasinja a Janairun 2013, adaidaita sahu ce bas ɗin Kano. Wanda ya manta ya tuna yajin aikinsu na Fabrairun 2021 da na Janairun 2022, yadda ɗalibai da ma'aikata da 'yan kasuwa suka koma takawa da ƙafa. Duk tsarin da ya ɗauke su a matsayin matsala kawai, bai ware musu wurin tsayawa nesa da bakin mahaɗa ba, bai zauna da ƙungiyoyinsu ba, ya mutu tun a takarda. In kuma direbobi suka fahimci an kafa kyamarar ne don tara kuɗin shiga, to za su yaƙe ta, kuma za su yi nasara.

Mai tafiya da ƙafa fa? A 2014 an gwada wasu kyamarori a gaban tashoshin jirgin ƙasa na Balham da Tooting Bec, a kudancin Landan, masu ƙirga mutanen da suka taru suna jiran tsallakawa, in sun yi yawa a ƙara musu lokaci. Mu a lissafinmu mai ƙafa ba ya ciki sam. Yaran makarantar da ke riƙe da hannun juna a tsakiyar Titin Zariya suna jiran wani direba mai imani, su ma sakanni suke nema, kuma goma sha biyar sun ishe su.

Da za a tambaye ni, ba zan ce a fara da dukan gari ba. A ɗauki titi guda, a ce Titin Zariya ko Titin Murtala Muhammad, a fara da ƙirga. Ɗaliban injiniya na Jami'ar Bayero da ta Wudil suna nan suna neman abin rubuta kundin kammala karatu, ga Cibiyar Fasahar Sufuri ta Najeriya a Zariya. A zaunar da su a kowace mahaɗa, da safe da yamma, ranar Juma'a da ranar Litinin, su ƙirga abin da ke wucewa da inda yake nufa. A auna minti nawa ake yi daga wannan ƙarshen zuwa wancan, a buga wa jama'a su gani. Sannan a tayar da fitilun da suka mutu, a saita agogonsu su yi daidai da juna, a zana akwatin tsakiya, a matsar da lodi mita hamsin daga bakin mahaɗa. Ma'aikatan KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Kano, da 'yan sandan ba da hannu kada a kore su daga wurin. A ba su rediyo su riƙa jin juna, aikinsu ya koma tsare akwatin nan da karɓar ragama in wuta ta ɗauke, kuma a tambaye su, don sun fi kowane ɗan kwangila sanin halin mahaɗarsu. Bayan wata shida a sake aunawa a sake bugawa. In an ga riba, sai a kawo kyamara da kwamfuta su ɗora a kan abin da ya riga ya tsaya da ƙafarsa.

Kwangilar kuma a rubuta ta ta shekara biyar, a riƙa biyan kamfani gwargwadon kwanakin da fitila ta yi tana aiki, a cire masa na ranakun da ta yi a mace. Dole ya horar da yaran gida su iya buɗe akwatin su gyara, kuma lambobin sirrin kwamfutar su zauna a hannun hukuma, kada ya tafi da su ranar da aka saɓa a kan biya. Kowace sanda a rubuta mata lambarta da manyan baƙaƙe, da lambar wayar da mai shayin da ke kusa zai kira in ya ga ta mutu.